Ragin da Ya Ci Min Jika Ashirin a Adjamé

Bara, ana gab da ƙaramar salla, na saro wayoyin salula goma, kowace jika hamsin na sefa, na kawo shagona a Black Market ta Adjamé, nan Abijan. Na ɗora ribar kashi 20 cikin ɗari, kowace ta koma jika sittin. Kasuwa ta yi sanyi. Ranar da zan je gaisuwar rasuwa Treichville, na ce wa ɗan ƙanwata in mai sari ya zo, ko a uwar kuɗi ya sallama.

Da na dawo, na tarar da shi yana murmushi. "Kawu, an kwashe su duka! Kashi 20 ɗin da ka ɗora na rage masa, shi ke nan."

Na ƙirga kuɗi, jika ɗari huɗu da tamanin. Jika ashirin sun yi ɓatan dabo, alhali yaron bai taɓa ko dala ba. Kashi 20 na jika hamsin, jika goma ne. Kashi 20 na jika sittin kuwa, goma sha biyu ne. Kowace waya ta fita da asarar jika biyu.

Dattawanmu sun ga irin haka a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da kashi 50. Faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Mai sayo kaya daga waje sai da ya biya ninki biyu, wato ƙarin kashi 100.

Haka harajin TVA yake, wanda a Kodibuwa kashi 18 ne. In takardar kaya ta nuna 118,000 har da haraji, ainihin kuɗin 100,000 ne, harajin 18,000. Wanda ya cire kashi 18 daga 118,000 zai zabtare 21,240, ya ruɗa littafinsa.

Lissafin nan tsoho ne. Sarkin Rum Agustus ya sa harajin ɗaya cikin ɗari kan kayan gwanjo tun shekaru dubu biyu da suka wuce, kuma alamar % daga rubutun fataken Italiya ta samo asali. Mu ma mun gaje shi: zakkar dukiya ɗaya cikin arba'in ce, wato kashi biyu da rabi, kuma malamai kan fayyace a kan wace dukiya za a fitar.

Ban yi wa yaron faɗa ba, don ni ne ban koya masa ba. Yanzu duk wanda ya ce mana "kashi kaza", dillali ne ko mai ba da bashi, sai mu tambaye shi: na nawa? Kuma a bayan kowane kwali nakan rubuta mafi ƙarancin farashi da sefa, ɓaro-ɓaro. Ku ma ku zaunar da yaran shago yau da dare, ku ba su lissafin wayoyin nan goma, ku ga amsar da za su kawo.