Amaryar Hoto: Auren da Ake Ƙullawa Kafin a Ga Juna

Daga cikin finafinan soyayya masu ban dariya akwai wani rukuni da ke tsayawa a kan labari guda. Namiji yana zaune a wata ƙasa mai nisa babu mata, sai ya nemi aure ta wasiƙa ko ta hoto, a ɗauko amarya a kawo masa, alhali ba su taɓa haɗa ido ba. Ranar da suka haɗu a tashar jirgi, nan rigima take farawa, nan kuma dariya take farawa.

Labarin yana da tushe a tarihi. A shekarar 1620 kamfanin da ke riƙe da Virginia, a ƙasar da ta zama Amurka, ya kawo 'yan mata kimanin 90 daga Ingila don mazan da suka kafa garin Jamestown. Duk wanda ya auri ɗaya sai ya biya kuɗin jirginta da ganyen taba laba 120. Tsakanin 1663 da 1673 Sarkin Faransa Louis na 14 ya ɗauki nauyin mata kusan 800 zuwa Kanada. Mafi shahara shi ne na mutanen Japan. Daga 1908 zuwa 1920 dubban mata suka tsallaka teku zuwa Hawai da Kalifoniya, kowace riƙe da hoton mijin da aka ɗaura mata aure da shi a gida ba ya nan. Da yawa daga cikin mazan leburori ne a gonakin rake. Wasu sukan aika hoton ƙuruciyarsu, wasu su ari kwat, wasu su tsaya jikin motar da ba tasu ba.

Wannan tazara da ke tsakanin hoto da mai hoto ita masu shirya fim suka kama. A fim ɗin The Harvey Girls na 1946, Judy Garland ta fito a matsayin budurwar da ta hau jirgin ƙasa zuwa yammacin Amurka saboda daɗin wasiƙun wani mutum. Da ta isa sai ta tarar ba shi da kyan gani, ba shi da iya zance, wasiƙun ma wani ne ya rubuta masa, kuma daga ƙarshe marubucin ne ya sace zuciyarta. A Mail Order Bride na 1964, wanda Burt Kennedy ya ba da umarni, wani dattijo ne ya samo wa ɗan amininsa marigayi mata don ya shiryu ya bar shashanci. Tsarin bai cika sauyawa ba: a fara da ƙarya, a shiga zaman doya da manja, a ƙare da so.

Mai ba da umarni Kayo Hatta ta bi wata hanyar a fim ɗin Picture Bride, wanda ya ci kyautar 'yan kallo a bikin Sundance na 1995. Yarinya ce ta sauka a Hawai a 1918 ta tarar mijin ya kusa sa'an mahaifinta. Ba ta da kuɗin komawa, sai ta shiga aikin rake da wankau tana tara kuɗin jirgi. Abin da wasu suka mayar raha, a nan an nuna shi da nauyinsa, kuma wannan fim ya fi sauran kusa da gaskiya.



Mai kallo a Dogarawa ko Samaru da ke yankin Zariya ba zai ga labarin baƙo ba ƙwarai. Sabon Garin Zariya kansa gari ne na 'yan ci-rani, wanda ya tashi bayan isowar layin dogo wajen 1911. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da yawansu gwagware suka zo, sai sun zauna da gindinsu sannan su aika gida a nemo musu mata. Hausawa ma haka suka yi a nasu zangunan na Ikko da Ibadan da Kumasi da Akara. Mutum yana can yana fataucin goro ko shanu, iyaye su zaɓa masa 'yar dangi, a ɗaura aure a ƙofar gidan ubanta, waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, shaidu su shaida, a raba goro. Bayan biki gwaggonni su rako amarya a jirgi ko a mota har ɗakin mijinta.

Bambancin da ke tsakanin wannan da na Turawa babba ne. A auren haɗi da na zumunci akwai sanin asali. Ko da ma'auratan ba su san juna ba, iyaye sun san iyaye, kuma in zama ya ƙi akwai inda mace za ta yi yaji, akwai mai zuwa biko. Amaryar wasiƙa ba ta da kowa a inda ta sauka. Musulunci ya kuma gindaya sharuɗɗan da suka shafi wannan batu kai tsaye: an kwaɗaitar da mai neman aure ya ga wadda zai aura, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Mugira ɗan Shu'uba, an ce a nemi yardar mace, sadaki kuma haƙƙinta ne, ba kuɗin saye ba ne. Inda aka tsallake waɗannan, nan auren haɗi ke rikiɗa ya zama auren dole.

Auren dole kuwa yana cikin jigogin da finafinan Hausa suka fi juyawa tun bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya lissafa shi tare da takarar masoya biyu a kan mutum ɗaya, da waƙa da rawa, a matsayin ginshiƙan da masana'antar ta gada daga finafinan Indiya. Ana yin sa da hawaye, ana kuma yin sa da barkwanci, inda tsoho mai rinannen gemu ko angon da ya ari babbar riga kan zama abin dariya.

Yau hoton ya koma cikin waya. Dalilan aure, mata da maza, suna tura hotuna ta WhatsApp, akwai kuma shafukan haɗa aure a Facebook da Instagram. An sami aure mai albarka ta wannan hanya, an kuma sami masu ɓoye mata da 'ya'ya, da masu ƙaryar aiki, da masu karɓar kuɗi su ɓace. Shi ya sa iyaye ke dagewa a kan bincike, a je unguwar mutum, a tambayi maƙwabta da limamin masallacinsa, a kuma yi gwajin jini kafin a sa rana.

A ƙasashen da abin ya zama kasuwanci, doka ce ta shigo. Filifin ta haramta sana'ar haɗa matanta da baƙi ta wasiƙa a 1990, ta ƙara tsaurara dokar a 2016. Amurka, bayan kisan wasu mata biyu da mazajensu suka yi a jihar Washington a 1995 da 2000, ta kafa dokar da aka sa wa hannu a farkon 2006, wadda ta wajabta wa dillalan aure su bayyana wa mace tarihin laifin mai nemanta da aure-aurensa na baya, cikin harshenta, kafin a ba shi adireshinta. A 2016 gidan talabijin na NBC ya sanar da shirin barkwanci mai suna Mail Order Family, a kan bazawarin da ya kawo mata daga Filifin don ta riƙe masa 'ya'ya. Ƙungiyoyin mata da na 'yan asalin Asiya suka yi masa ca, cikin 'yan kwanaki aka soke shi tun ba a fara ɗauka ba.