Tufafin Da Ke Kwance Cikin Adaka

Kwanan baya muka je zaman rabon gadon wata gwaggonmu, Allah ya jiƙanta. Da aka zo kan kayan ɗakinta, sai aka jawo akwatuna huɗu daga ƙarƙashin gado. Mu dai tun muna yara ba mu san ta da abin da ya wuce zane uku ko huɗu ba, su take juyawa. Amma da aka buɗe, sai ga atamfofi da leshi da saƙi jibge, waɗansu tun na lefenta. Aka ɗaga na fari, ya tsage daidai kan ninki. Na biyu gara ta yi masa hanya, na uku kuwa tsatsar akwati ta bi shi. Abin da magada suka samu na rabawa bai kai rabi ba. Ita ba ta ɗaura ba, ba ta sayar ba, ba ta kuwa ba wani ya sa mata albarka ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu jawo hankalin malamanmu na makaranta da akawunan ofis a kan wannan al'amari, su kuma su karanta wa iyalinsu.

Ba mu ga laifin iyayenmu mata ba, gama a zamaninsu tufa kuɗi ce. A Barno har ciniki aka yi da gabaga, watau ƙyallen saƙi, maimakon kuɗi. Bature Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano cikin 1851, ya ba da labarin yadda saƙi da rinin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa Buzaye sun san darajarsa. Daga baya atamfa 'yar Holan ta shigo, sa'an nan aka buɗe masaƙar Kaduna cikin 1957. A wancan lokaci zane yana da wuyar samu, yana kuma da ƙarko, saboda haka macen da ta cika adakarta ta yi tanadi ke nan.

To, yau zamani ya juya. Manyan masaƙun Kaduna sun durƙushe, yawancin yadin da ke Kantin Kwari daga ƙasar Sin yake zuwa, ga araha, ga sabon yayi kowane wata. Al'adar tarawa tana nan, amma abin da ake tarawa ba ya riƙe darajarsa kamar dā. Ga lefe, ga kayan fitar suna, ga ɗinkin Salla sau biyu a shekara, ga kuma babbar ƙofa, watau anko. Mu yi lissafi. Turmin atamfa yadi 6 ne. In mace ta shiga anko goma a shekara, ta shigo da yadi 60 ke nan, kowanne kuwa sau ɗaya ko biyu za ta sa shi. Sau da yawa da bashi ake yanko shi, albashin maigida kuma ya ƙare tun wata bai raba ba. Duk da haka ranar fita unguwa sai uwargida ta birkice akwati kaf, ta ce ba ta da abin sa wa. Gaskiya ta faɗa, domin abin da ya dace da ita ya nutse cikin wanda bai dace ba.

Maganin abin ba shi da wuya, sai dai yana son ƙarfin zuciya. Uwargida ta sami rana guda cikin rani, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zazzage kome da kome, har da gyale da kallabi da hijabi da takalma. Kada ta bar ko akwati ɗaya a rufe, gama sai ta ga tulin da idonta za ta san yawansa. Sa'an nan ta ɗauki kowace tufa ta tambayi kanta: yaushe rabona da sa wannan? In damina ta wuce, hunturu ya wuce, bazara ta wuce, an yi Salla ƙarama da babba ba ta taɓa shi ba, to, lalle ba nata ba ne, ajiyar wani take yi. Ta kasa kayan kashi huɗu: na yau da kullum, na fita unguwa da Salla, turamen da ba a yanka ba, da waɗanda za su bar gidan.

Wajen kashi na fari, kowace mace ta dubi irin zamanta, kada ta dubi na maƙwabciyarta. Daidai ruwa daidai tsaki. Malamar makaranta da ke tsaye gaban allo kwana biyar a mako, cikin ƙurar alli, tana bukatar ɗinki na auduga mai sauƙin wanki, da mayafi biyu ko uku marasa ado waɗanda za su shiga da kowane zane. Ma'aikaciyar asibiti tana da kayan aiki, saboda haka na gidanta ba sai sun yi yawa ba. Wadda ke zaune a gida, tsakanin murhu da turmi da goyo, zannuwa masu ƙwari su ne nata, ta kuma nisanci yadin roba wajen girki, domin in wuta ta lashe shi narkewa yake yi ya manne wa fata. Matar ma'aikacin da ake yi wa canjin gari ta tuna kowane akwati kuɗin mota ne, kuma rigar sanyin da ta yi mata rana a Jos ba ta da aiki a bazarar Sakkwato.

Akwai wata 'yar ƙasar Japan, Marie Kondo, wadda littafinta na kintsa gida ya bazu a duniya bayan an juya shi da Turanci cikin 2014. Ma'auninta shi ne, abin da bai faranta maka rai ba, ka rabu da shi. Mu namu ma'aunin ya ɗan bambanta, saboda kashi na uku. Turmin da almakashi bai taɓa ba asusun mace ne. Ran da ciwo ya taso, ko kuɗin makarantar yaro, dillaliya za ta fita da shi ta komo da kuɗi. Ajiya maganin wata rana. Amma da zarar tela ya yanka shi, darajarsa ta faɗi. Don haka kada a yi gaggawar ɗinke lefe duka, a bar turame masu kyau kaɗan a ajiye. Haka kuma saƙin kaka, da zanen goyo, da kayan da mace ke sa wa lokacin juna biyu, ba su shiga hukuncin shekara guda ba.

Abin da aka ajiye kuwa a kula da shi. A ɗora akwati bisa duwatsu, nesa da bango, saboda gara da danshi. Bayan ɗaukewar ruwa a fito da kaya su sha iska a inuwa, a sāke musu ninki, a jefa kafur. Kada a ajiye tufa da dauɗa, kada kuma a haɗa mai shuni da fari.

Kashi na huɗu a wanke shi, a ɗinke inda ya yage, a bayar tun hunturu bai kama ba. A fara da dangi da maƙwabta, a kuma bayar a asirce don kada a kunyata mai karɓa. Sa'an nan a tuna da marayu da 'yan gudun hijira. Waɗanda suka ga ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024 sun ga mata da yawa da suka tsira da zanen jikinsu kaɗai. Wanda ya yi wa uwa kaɗan, tela ya rage wa 'ya. Wanda ya mutu sarai ya zama tsumma ko cikin matashin kai.

Saura ku magidanta. Kada wani ya karanta wannan ya tafi gida ya ce a buɗe masa akwati. Shari'a ta ɗora wa miji tufatar da matarsa, abin da ya shiga hannunta kuwa mallakarta ne, ba shi da ikon bayarwa ko sayarwa sai da yardarta. Shawara ce tsakaninku, cikin lalama. In kuna so ta karɓu, ku fara da naku manyan riguna da hulunan da suka shekara a rataye, uwargida tana gani. Allah ya sa mu dace, amin.