Kantunan da Babu Haraji a Filayen Jiragen Sama da Matsayin Barasa a Dokokin Ƙasashe

A kusan kowane babban filin jirgin sama na duniya, da zarar matafiyi ya wuce jami'an shige da fice, hanyar da za ta kai shi ƙofar jirginsa takan ratsa ta tsakiyar wasu kantuna da aka jera wa turare da agoguna da cakulan da taba sigari da kwalaben barasa. Su ne kantunan da ba a ɗora wa kayansu haraji, waɗanda matafiya suka fi sani da sunan duti-firi. Abin da sunan yake nufi shi ne, gwamnatin ƙasar da kantin yake ta yafe harajin da ta saba karɓa a kan kayan, bisa sharaɗin cewa fita za a yi da su daga ƙasar, kuma wannan ne dalilin da ya sa mai kanti yake neman takardar shiga jirgi kafin ya karɓi kuɗi. Yafewar ta tsaya ne a kan ƙasar da aka yi sayayyar, domin ƙasar da za a sauka tana da nata dokokin, kuma babu ruwanta da rasit ɗin da aka bayar a wani filin jirgi. Rashin fahimtar wannan bambanci shi ne tushen mafi yawan matsalolin da matafiya suke faɗawa game da barasa, har da waɗanda ba su taɓa kai ta bakinsu ba.

An buɗe kanti na farko irin wannan a filin jirgin sama na Shannon da ke ƙasar Ailan a shekarar 1947, bisa shawarar Brendan O'Regan, a zamanin da jiragen da ke ƙetare tekun Atilantika suke yada zango a can domin shan mai. Kantunan filin jirgin Dubai, waɗanda 'yan kasuwar Kano da Maraɗi suka fi sabawa da su, sun fara aiki a watan Disamba na 1983, yayin da Tarayyar Turai ta soke wannan rangwame ga masu tafiya tsakanin ƙasashenta a 1999. Barasa da taba sun mamaye waɗannan kantuna ne saboda suna cikin kayan da gwamnatoci suka fi lafta wa haraji, don haka cire harajin yakan bayyana a farashinsu fiye da na sauran kaya, ko da yake kuɗin hayar shago a filin jirgi yakan cinye wani ɓangare na sauƙin, har wani lokaci kayan su fi na cikin gari tsada.

Ƙasashen da suka halatta barasa ma sun ƙayyade adadin da matafiyi zai shigo da shi ba tare da biyan haraji ba, kuma adadin ya sha bamban ƙwarai daga wata ƙasa zuwa wata. Amurka ta yarda da lita 1 ga wanda ya kai shekara 21. Tarayyar Turai ta yarda wa mai shigowa daga wajenta da lita 1 ta barasa mai ƙarfi, wato wadda sinadarin maye da ke cikinta ya haura kashi 22 cikin ɗari, ko lita 2 ta wadda ba ta kai haka ba, tare da lita 4 ta giyar inabi da lita 16 ta giyar hatsi, muddin mutum ya kai shekara 17. Birtaniya, tun daga farkon 2021, ta ɗaga nata adadin zuwa lita 4 ta barasa mai ƙarfi da lita 18 ta giyar inabi da lita 42 ta giyar hatsi, sai dai ta gindaya cewa wanda ya zarce adadin zai biya haraji a kan dukan abin da ya ɗauko na wannan nau'i, har da ɓangaren da da an yafe masa, kuma mutum biyu ba za su haɗa rabonsu wuri guda ba. Indiya ta tsaya a lita 2, Dubai a lita 4, ita kuwa Singafo ba ta yafe komai ga wanda ya fito daga Malesiya ko wanda bai yi awa 48 a wajen ƙasar ba. A yawancin filayen jirage akwai ƙofofin fita biyu a sashen kwastam, koriya ga wanda ba shi da abin bayyanawa da ja ga mai abin bayyanawa, kuma bin koriyar ƙofa da kayan da suka wuce ƙa'ida daidai yake a idon doka da furta ƙarya a gaban jami'i, abin da kan jawo ƙwace kayan da cin tara.

Al'amarin ya fi tsanani a ƙasashen da shigo da barasa haramun ne ɗungurungum. Saudiyya ta haramta ta tun 1952 a zamanin Sarki Abdul'aziz, kuma shagon da aka buɗe a unguwar jakadu ta Riyad a watan Janairun 2024 an buɗe shi ne domin jami'an diflomasiyya waɗanda ba Musulmi ba, bai kuma sauya komai ba game da jakar matafiyin da ya sauka a Jidda ko Madina. Wanda aka samu da kwalba a can yana fuskantar ƙwace kaya da tara, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga ɗauri da tasa ƙeya zuwa gida. Haka dokar take a Kuwait da Iran da Libiya, kuma tsibiran Maldibs, duk da cewa ana sayar da barasa a wuraren shaƙatawarsu, ba sa barin baƙo ya shigo da tasa. Ƙatar ta fi ruɗa mutane, domin filin jirgin Doha cike yake da kantunan da ke sayar wa masu wucewa barasa, alhali doka ta hana shiga da ita cikin ƙasar. Hatta a cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, abin da Dubai ta yarda da shi masarautar Sharja da ke maƙwabtaka da ita ta hana, kuma tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Wannan batu ya shafi masu zuwa Umara da 'yan kasuwa kai-tsaye, ganin cewa da yawansu sukan canja jirgi a Adis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Dubai, inda kantunan suke buɗe dare da rana, kafin su ƙarasa ƙasar da abin da ke cikin kantin laifi ne.

A Nijeriya ma dokar hawa biyu ce. Hukumar Kwastam ta tarayya ce take kula da abin da ke shigowa ta filin jirgi, amma tun da Zamfara ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 jihohi goma sha biyu na Arewa, har da ita, suka bi wannan tafarki, kuma a Kano hukumar Hisba ta sha fasa kwalaben giyar da ta kama a bainar jama'a. Saboda haka wucewa ta gaban jami'in kwastam a filin jirgin Malam Aminu Kano ba ya kare mutum daga dokar jihar da zai taka da zarar ya fito bakin titi.

Baya ga dokokin kwastam akwai ƙa'idojin tsaron jirgi, waɗanda suka ɗauki barasa a matsayin ruwa mai kama wuta. Wadda sinadarinta bai wuce kashi 24 cikin ɗari ba ba ta cikin kayan haɗari. Wadda take tsakanin kashi 24 da kashi 70 an taƙaita ta ga lita 5 ga kowane fasinja, kuma dole ta kasance cikin kwalbar kamfaninta ta asali. Wadda ta haura kashi 70 kuwa ba ta hawa jirgin fasinja ko a jakar hannu ko a kayan awo. Wannan ƙa'ida tana da 'yar'uwa da ta fi shafar Hausawa masu sarin kaya, domin yawancin turaren fesawa da sinadarin barasa ake haɗa shi, kuma abin da aka yarda fasinja ya ɗauka na turare da makamantansa shi ne jimillar lita 2, kowace kwalba kuma kada ta wuce rabin lita. Mai ɗauko katan-katan na turare daga Dubai domin sayarwa ya fita daga sahun mai kayan amfanin kansa, hanyarsa ita ce ta jigilar kaya tare da biyan haraji.

A watan Agustan 2006 jami'an tsaron Birtaniya suka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jiragen da ke zuwa Amurka da Kanada ta hanyar amfani da abubuwan fashewa na ruwa da aka zuba a robobin lemo, kuma daga nan ne aka kafa dokar da ta hana shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 a mazubi guda cikin jakar hannu. Domin kada dokar ta kashe kasuwar kantunan, aka fito da wata leda mai haske da jan baki, wadda ake liƙewa a gaban mai saye tare da rasit a ciki, kuma ba a iya buɗe ta ba tare da alama ta nuna ba. Matafiyin da zai canja jirgi yakan sake bi ta wurin bincike, kuma idan ya yage ledar, ko rasit ɗin ya ɓace, ko filin jirgin bai amince da ledar inda ya fito ba, jami'ai sukan karɓe kayan ba tare da biyan diyya ba, turare ne ko zuma ko barasa. Amurka ta ƙara da cewa sayayyar kada ta wuce awa 48. Wasu filayen jirage da suka sami sababbin na'urorin bincike sun fara sassauta iyakar mililita 100, amma sassaucin na filin da ya yi shi ne kaɗai. Buɗe kwalbar a sha a cikin jirgi kuwa kamfanonin jirage sun hana shi, kuma Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba matuƙin jirgi ikon sa a tsare fasinjan da ya tayar da hankali ko a sauke shi. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Montiriyal a 2014, wanda ya ba ƙasar da jirgi ya sauka ikon gurfanar da irin wannan fasinja, ya fara aiki ne a ranar 1 ga Janairun 2020, bayan Nijeriya ta zama ƙasa ta 22 da ta amince da shi.

Inda haɗarin ya fi kusa da mai karatu shi ne al'adar karɓar saƙo. Bahaushe yana jin nauyin ya ce a'a idan abokin tafiya ya roƙe shi ya riƙe masa leda, musamman idan mai roƙon ya ce kayansa sun yi nauyi ko ya wuce adadin da aka yarda masa, kuma wannan kunya ce masu fasa-ƙwauri suke fakewa da ita. A dokar kwastam, kaya na wanda aka same su a hannunsa ne, kuma cewa wani ne ya bayar ba ta cika zama hujja ba sai bayan dogon bincike, wanda mutum yakan jira ƙarshensa a tsare. Narkar da hodar ibilis a cikin kwalbar barasa tsohuwar dabara ce ta masu safarar ƙwaya: a 2009 wani direban tasi a Landan ya mutu bayan ya kurɓi barasa daga kwalbar da aka ba shi kyauta, wadda wani fasinja ya ɗauko daga tsibirin Sant Lusiya a matsayin saƙo ba tare da sanin abin da aka narkar a ciki ba, kuma kotu ta yanke wa mai kayan ɗaurin shekara 20. Wata ɗaliba daga Kano da aka kama a Saudiyya a watan Disamba na 2018 ba ta ma karɓi saƙon kowa ba, sunanta kawai aka liƙa wa jakar da ke ɗauke da ƙwayar tiramadol a filin jirgi, amma sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta yi halinta. Idan wanda bai ɗauki komai ba ya sha wannan wahala, to ana iya ƙiyasta halin wanda aka samu da ledar a hannunsa. Ga Musulmi kuma akwai wani nauyi na daban, domin hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya lissafa mutum goma da la'anar giya ta shafa, kuma mai ɗaukarta da wanda aka kai wa suna cikinsu, ko da ba su sha ba.

Akwai kuma barasar da ke shiga jakar mutum ba tare da ya gane ta ba. Kantunan filin jirgi suna sayar da cakulan da alewa da kek waɗanda aka cusa wa wiski ko barandi ko ram a ciki, cikin kwalaye masu kyau da ke jan hankalin mai neman tsarabar yara, kuma galibi suna jere a kanta ɗaya da cakulan na yau da kullum. Alamar ganewa tana bayan kwalin, inda ake rubuta abubuwan da aka haɗa da kuma kason sinadarin barasa cikin ɗari, wani lokaci da ƙananan haruffa cikin Faransanci ko Jamusanci. Mai kanti yana iya fayyace wa mai saye idan ya tambaya kafin a liƙe ledar, domin bayan jirgi ya tashi mayar da kayan yakan yi wuya, kuma jami'in kwastam na Jidda ko Kuwait yana da ikon karɓe irin wannan kwali kamar yadda zai karɓe kwalba.