Dutsen Dala, Wurin Ziyarar Mutanen Dā

Duk wanda ya ga Dutsen Dala a yau, gidaje sun matse shi, zaizaya tana cin gindinsa, da wuya ya yarda cewa a zamanin dā tattaki ake yi masa daga nesa.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a bisa dutsen Barbushe yake zaune, ba ya saukowa sai ranar biki. Jama'a kan taru a ƙasa da baƙin kare, da baƙar kaza, da baƙin bunsuru. Idan dare ya yi shi kaɗai zai shiga gidan Tsumburbura, ya fito ya shaida musu abin da shekara za ta zo da shi. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar tsafin.

A ƙasar Tamil ta kudancin Indiya kuwa, irin wannan ziyara ba ta yanke ba. A garin Tiruvannamalai mabiya addinin Hindu kan kewaye Dutsen Arunachala a ƙafa, tafiyar kilomita 14, kuma kowace shekara akan hura babbar wuta a ƙolinsa.

Ba mai neman Tsumburbura ta dawo. Masu hawa Dala yanzu ɗalibai ne da baƙi masu son hango birni, amma su ma sai sun ratsa lungunan gidajen mutane kafin su kai ga matattakala.