Ƙofar da Ake Bari a Buɗe a Ɗakin Injina

A ƙarshen Nuwamban 2023, ma'aikatan hukumar ruwa ta garin Aliquippa da ke jihar Pensilbaniya a Amurka suka tarar allon wata na'ura a tashar tura ruwa ya daina nuna awon ƙarfin ruwa, sai saƙon wata ƙungiyar masu kutse da gwamnatin Amurka ta danganta da dakarun juyin juya halin Iran. Ala tilas aka koma sarrafa famfon da hannu. Na'urar ƙirar kamfanin Unitronics ce na Isra'ila, daga cikin waɗanda ake kira PLC, wato ɗan akwatin da ke karɓar bayani daga ma'aunai ya kuma ba inji umarnin tashi ko tsayawa. Gargaɗin da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta fitar bayan haka bai ƙunshi wani ilimi mai zurfi ba: a canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, wato 1111, a kuma raba ta da intanet. Ke nan ɓarakar tun ranar saiti aka yi ta.

Gurabe uku ne injiniya ke cikewa idan zai haɗa irin wannan akwati da sauran na'urori. Na farko adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakani, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.1.10, shi ne lambar gida. Na biyu lambar da ke shata iyakar unguwa, galibi 255.255.255.0, wadda ke ba da gurbin na'urori 254 da za su yi magana kai tsaye. Na uku adireshin ƙofar fita, inda saƙo ke bi idan zai bar unguwar. A ofis, rauta ce ke raba adireshi da kanta, ba ruwan kowa. A masana'anta kuwa a rubuta shi da hannu ya fi, domin idan aka ɗauke wuta janareta ya karɓa, na'urar na iya farkawa da sabuwar lamba, allon mai kula da inji ya yi ta kiran tsohuwar ba amsa. Mai masaƙa a Sharaɗa ko Challawa ya san sau nawa hakan ke iya faruwa a yini. Haka kuma idan na'urori biyu suka ɗauki lamba ɗaya, sadarwa sai ta riƙa yankewa tana dawowa, a shafe sa'o'i ana zargin kebul.

Amma gurbi na uku shi ne abin lura, kuma shi aka fi cikewa da ka. Yaren da yawancin waɗannan na'urori ke ji tsoho ne. Modbus, alal misali, kamfanin Modicon ne ya fito da shi a 1979, lokacin da waya ɗaya ce tsakanin na'ura da mai ba ta umarni, don haka ba a tanadar masa hanyar tantance mai magana ba. Daga baya aka ɗora shi a kan kebul irin na kwamfuta, yana saurare ta mashiga mai lamba 502, da halinsa na da. Duk wanda saƙonsa ya iso, umarninsa ya zauna. Saboda haka wanda ya haɗa na'urar da rautar ofis, ya kuma buɗe mata hanya daga waje, ya yanke hukunci a kan wanda zai iya kashe tukunyar tururi, ko da bai san ya yanke ba.

Za a ce ai kamfanin da ya sayar da injin yana Jamus ko Sin, dole ya leƙo daga nesa in an sami matsala. Gaskiya ne, kuma kuɗin jirgin ƙwararre ba wasa ba ne. Sai dai akwai hanyar yin haka ta rufaffen layi na VPN da katangar tsaro a tsakani, a buɗe lokacin gyara, a rufe in an gama. Wani kuma zai ce wa ya damu da ƙaramar masana'antarsa? Masu kutse ba sa bin suna. Manhajar bincike ta Shodan tana zagaya intanet tana jera duk na'urar da ta amsa kira, kuma Aliquippa ma ba wani babban birni ba ne. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta Stuxnet, ƙwayar cutar kwamfuta da aka gano a 2010, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz da ke Iran ta hanyar na'urorin Siemens, alhali wurin ba ya haɗe da intanet. An gina ta ne ta yaɗu ta filas. Wannan ya nuna rabuwa kaɗai ba ta wadatar ba. Amma Stuxnet aiki ne na ƙwararru masu tarin kuɗi da lokaci, Aliquippa kuwa lamba ɗaya ce aka danna sau huɗu.

Mai masana'anta ba sai ya iya shirya manhaja ba. Kafin ya biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa, ya nemi takardar da ta jera adireshin kowace na'ura, ya tambayi inda ƙofar fitarta ta nufa, sannan a canza kalmar sirri a gabansa.