Ruwan Damina Da Aksul Na Gaban A-Kori-Kura

Kowace shekara idan damina ta sauka, akawun da ke riƙe da littafin motocin ofis yakan sha ganin takardar makaniki tana neman kuɗin gyaran aksul na gaba, watau ƙarfen nan da ke haɗa ƙafafun gaba yana juya su. Galibi akan ɗora laifi kan mugunyar hanya. Mu dai a ganinmu ruwa ya fi rami ɓarna, kuma maganinsa ba shi da tsada.

Mu ɗauki Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, gama irinta ce ke kai allurar riga-kafi da masu duba makarantu ƙauyukan fadama, kamar na tsakanin Haɗeja da Nguru. A bisa aksul nata akwai wata 'yar ƙofar numfashi mai hula. Idan mota ta yi tafiya aksul ya yi zafi, sa'an nan direba ya faɗa rafi da ita, sai iskar ciki ta huce ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta wannan ƙofa. In kuwa laka ta toshe ƙofar, zafi yakan tura man giya ya keta robar da ke tare shi, ya shiga gwiwar ƙafa, ya narkar da giris na gaɓar da ke ciki. Alamarsa baƙin maiƙo yana tsiyaya bayan taya. Robar nan kuɗinta kaɗan ne. Haƙoran giya kuwa, in suka ci juna, sai baitulmali ya ji a jikinsa.

Saboda haka duk ran da mota ta ƙetare ruwa mai zurfi, lalle a kwance murfin mai a duba. In man ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, sai a juye shi a zuba sabo. Kada a ce sai gobe.

Game da girgiza kuwa, a ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In ta yi motsi, wani ya taka birki a sake gwadawa. Idan motsin ya ɓace, boris na ƙafa ne ya saki. Idan bai ɓace ba, ciwon yana wajen maƙallan gwiwa. Ƙarar ƙas-ƙas sa'ad da aka karya sitiyari cikin giyar ƙafa huɗu tana nuna gaɓar ciki ta cinye.

Akwai kuma halin direbobi. Waɗansu sukan bar mota cikin giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, alhali irin wannan mota ba ta da abin da zai raba gudun gaba da na baya wajen kwana, sai ƙarafa su yi ta murɗe juna. Waɗansu kuma duk rani ba su taɓa makullan nan na cibiyar ƙafa. Kamfanin Toyota ya ce a mai da su kan LOCK a yi tafiyar kilomita 16 aƙalla kowane wata, domin mai ya zaga. Ya kamata akawu ya buɗe wa wannan layi a littafin mota, direba ya riƙa sa hannu.

Hilux ta yanzu ƙirarta dabam ce: gaɓoɓinta a waje suke cikin rigar roba mai lanƙwasa. Ita abin dubawa shi ne kada ƙaya ko kututture ya yage rigar, yashi ya shiga.