Siminti Ba Ya Kashe Gubar Nukiliya: Jan Kunne Ga Masu Gini A Wagini

A Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana, ginin bulo na ta maye gurbin na laka. Mai gida zai yi ciniki kan buhun siminti har ya gaji, amma da wuya ya tambayi direban tifa daga ina ya ɗebo yashi da tsakuwa. A nan gizo ke saƙar.

Ƙasa da dutse duk suna ɗauke da ɗan burbushin yuraniyom da toriyom masu fitar da tururin nukiliya, kuma wanda ke cikin yashin rafi bai kai abin tayar da hankali ba. Tarkacen ramin haƙar ma'adinai kuwa daban ne. A Akokan, kusa da Arlit a Nijar, an shimfiɗa ɓaraguzan mahaƙar yuraniyom a tituna. Da ƙungiyar Greenpeace ta auna a 2009, ta tarar da wurin da tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. A Jos ma an yi ta buga bulo da filasta da yashin da ya rage bayan wanke kuza, wanda ke da toriyom mai yawa.

Wasu na zaton da zarar an kwaɓa da siminti an gama. A'a. Gaskiya ne masana kan daskarar da sharar nukiliya cikin kankare, domin kaifin nan na siminti da ke cin hannun birkila yana riƙe yuraniyom, ya hana shi narkewa ya bi ruwa.  To riƙewa dai ake yi, tururin na nan yana fita.

Daga bango da daɓe kuma iskar radon ke tsattsafowa, ba launi ba wari, ta taru a ɗakin da ke rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, ita ce kan gaba wajen haddasa sankarar huhu. Ga mu da toshe tagogi da tsumma in hunturu ya kama.

Don haka kada a sayi yashi ko tsakuwa daga ramin masu haƙar ma'adinai, komai arharsa. A yi wa ɗaki taga biyu masu kallon juna, a riƙa buɗewa da safe, a toshe tsagar daɓe. 'Yan ci-rani da ke dawowa daga Arlit su bar tsofaffin ƙarafan mahaƙa a can, domin su ma suna iya ɗauke da gubar. Wanda ke da shakku kan kayan gininsa, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya (NNRA) da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna da na'urorin aunawa.